Waiwaye: Kayan Ɗakin Da Muka Sayar A Kan Sikeli

Ɗan gwangwan ba ya tambayar tarihin kaya. Ya ɗaga, ya rataya a sikeli, ya faɗi kilo, ya biya, ya tura kurarsa ya ƙara gaba. Ta haka gadajen ƙarfe masu rumfa, waɗanda iyayenmu mata suka tare da su, suka fice daga gidaje ɗaya bayan ɗaya. Suka bi ta Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, aka loda su a tirela zuwa inda ake narka ƙarfe a mayar da shi rodi. Na katako kuwa ko wannan darajar ba su samu ba. Sif ko kabet ko tebur, da ƙafa ɗaya ta karye ko madubi ya tsage, sai a jingine shi a bayan ɗaki, rana ta gasa shi, damina ta jiƙa shi, ranar da itace ya yanke a faskara shi a tuƙa tuwo. A gurbin da suka bari, mun ci bashi mun zuba wasu masu ƙyalli, waɗanda kafin ɗan fari ya shiga firamare sun fara ɓarewa.

Kafin mu ce zamani ne, ya kamata mu tuna abin da kayan ɗaki yake a wurin Bahaushiya. Ado ne, gaskiya, amma dukiya ce tun kafin ya zama ado. Uwa takan fara tara wa 'yarta tun tana goye da ita. Da ƙorai aka fara jere, aka koma tasoshi, aka zo langa da kwalla da samira, aka gangaro kan tangaran. Duk abin da aka jera mallakin matar ne. Miji ba shi da iko da ko murfi ɗaya. In aure ya ƙare, da kayanta take fita. In rana ta ɓaci, ta kira dillaliya ta zare kwalla biyu daga jere, a rufa asiri ba wanda ya ji. In 'yarta ta isa aure, ta cire daga nata ta ƙara a na yarinya, kuma babu wanda ya ga abin kunya a cikin haka. Ɗakin mace asusunta ne.

Gado ma wannan hanyar ya biyo. Daga gadon kara da gadon ƙasa, wanda ake hura wuta a ƙarƙashinsa don mai jego, aka koma na ƙarfe. A Kano ma aka riƙa ƙera shi: masana'antar iyalin Moukarim, wadda daga baya ta haifar da kamfanin katifa na Mouka, da gadajen ƙarfe da kujeru ta fara a 1959. Ga kuma gadajen Vono da suka cika kasuwa. Ƙarfen wancan lokaci mai kauri ne; gado ɗaya yakan aurar da uwa, ya aurar da 'ya, ya kuma koma ɗakin tsohuwa jikoki suna tsalle a kai.

Da aka yi ƙarin albashin Udoji na 1974, ma'aikata suka samu kuɗi a dunƙule, sai katako ya shigo gidaje da ƙarfinsa: kujerun kushin masu hannun katako, sif mai ƙofa uku da madubi, kabet na jera kwanuka, teburin tsakiya. Da loko da maɗaci da katakon da ake kawowa daga Sapele ake yin su. Kafinta yakan fafe rami a wannan, ya fiƙe harshe a wancan, ya zura, ya sa gam, ya buga turaku. In za a tashi daga gida, sai an nemo ƙarti huɗu kafin sif ya motsa.

Daɗin bai daɗe ba. Tsuke bakin aljihu ya zo a 1982 zamanin Shagari, shirin gyaran tattalin arziki na SAP ya biyo baya a 1986 zamanin Babangida, naira ta faɗi, sabon kaya ya gagari ma'aikaci. Amma ban tuna an zauna a ƙasa a gidajen mutane ba. Gyara aka koma. Mai walda ya liƙe gado, mai rufin kujera ya sake soso da yadi, kafinta ya canza ƙafa. Al'ummar da ta san gyartai, mutumin da sana'arsa kacokan ita ce ɗinke fasasshiyar ƙwarya, ba ta buƙatar a koya mata cewa abu yana da rai na biyu. Har gobe in ka shiga kasuwar Katako a Yamai za ka ga ana mayar da tsohuwar ganga adaka, ana narka gwangwani a zuba tukunya. Wannan basirar ba ta mutu a kasuwa ba. A cikin gida ne ta mutu.

Abubuwa biyu ne suka sauya, kuma tare suka zo. Na farko, itacen kirki ya yi ƙaranci. Dazuzzukan kudu da ake samo loko sun ja baya ƙwarai. A namu ɓangaren kuma, madobiya ta ga ta kanta: aka riƙa sare ta a Taraba da maƙwabta ana cika kwantena zuwa ƙasar Sin, har ta kai a 2016 yarjejeniyar CITES ta sa ta cikin itatuwan da ake sa ido kan cinikinsu, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya. Abin da ya rage a 'yan katako, mai kyau ya yi tsada, mai araha kuma ɗanye ne, ka yi ƙofa da shi kafin hunturu ya wuce ta karkace.

Na biyu, allon MDF da danginsa suka cika gurbin. Shi wannan ba itace ba ne da aka yanka. Garin katako ne aka kwaɓa da gam, aka danne da zafi, aka manna masa leda mai kama da jijiyar itace. Yana da sumul, yana da saurin aiki, kuma dole a faɗi gaskiya, ya sa talaka ma ya iya yi wa 'yarsa saiti. Sai dai ruwa ne ajalinsa. A yi mofin sau da yawa ƙasansa ya sha, sai ya kumbura kamar burodi a shayi, kuma ba ya komawa. In aka kwance sukuru daga gefensa, a karo na biyu ba ya kamawa. Tashi ɗaya daga gidan haya zuwa wani ya isa ya tsufar da shi. Gwamnatin Obasanjo ta hana shigo da kujeru da gadaje a 2004, Babban Banki kuma ya sa su cikin kaya 41 da ya hana wa dalar gwamnati a 2015, don a ƙarfafa na gida. An ƙarfafa ɗin, amma allunan da kafintocinmu ke yanka akasari daga waje suke zuwa, farashinsu kuma dala yake bi.

To ga inda lissafin ya tsaya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka saki naira ta tashi daga wajen 460 a dala ɗaya har ta haura 1,500 a 2024, uban 'ya mace ba ya barci. Ba banza ba gwamnatin Kano, lokacin da ta aurar da ma'aurata 1,800 a watan Oktoban 2023, gado da katifa suna cikin abin da ta bayar: ta san inda aure yake maƙalewa. Mutum ya sayar da fili ko gona, abin da ke ƙara daraja kullum, ya sayi abin da ranar da aka kafa shi a ɗaki ranar ya fara faɗuwa. In matsi ya zo wa yarinyar bayan 'yan shekaru ta kira dillaliya, sai dillaliya ta leƙa ƙasan gadon, ta taɓe baki, ta taya abin da bai kai kuɗin motar da ta kawo shi ba. Jeren kakarta asusu ne; nata bashi ne da aka yi wa fenti.

Na ga yadda ake warware wannan ƙulli a gidan wata maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu ya bar ta da samari da 'yan mata. Bikin babbar ya matso, ta kira wani tsohon kafinta na unguwa ya auna ɗaki. Yana shiga tsakar gida idonsa ya faɗa kan wani sif da aka kifa a gindin katanga, kaji suna kwana a kai, an shafe shi da koren fenti tun wani zamani. Ya tsuguna, ya ciro makulli daga aljihu, ya kankare ƙasan ƙafar. Kore ya tafi, wani farin fenti ya fito, shi ma ya tafi, sai ga jan katako a ƙasa. Ya ƙwanƙwasa da gaɓar yatsa, ya danna bakin ƙusa a wurare uku, ba ta shiga ba.

Ya ce, “Hajiya, wannan fa, me za a yi da shi?”

Ta ce, “Wallahi Malam, masu waina nake jira su zo su ɗauka.”

Ya ce, “Maɗaci ne. In kika ce in yi miki irinsa sabo yau, kuɗin katakon kaɗai ya fi saitin da kike nema. Bayansa ne gara ta ci, bayan kuma filawud ne, falle ɗaya ya isa. Ki ba ni samarin gidan nan su yi wahalar, ni in yi abin da sai ni.”

Haka aka raba aikin. Shi ya cire ruɓaɓɓen bayan ya sa sabo, ya canza pata, ya daidaita ƙofar da ta sauka. Sauran duk yaran gida ne. Suka wanke shi da ruwan omo, suka bar shi a inuwa ya bushe sarai. Suka kankare fentin, suka bi da samfefa mai kaushi, lamba 80, sannan 120, suka ƙare da mai laushi, 220, kullum hannu yana bin tsawon jijiyar katakon, don in aka gitta sai zane ya fito bayan an shafa banish. Inda mahaɗi ya saki, suka kankare tsohon gam, suka sa sabo, suka ɗaure tam da robar tayar keke, aka bar shi kwana guda ba a taɓa ba. Ramukan sukuru da suka buɗe, aka cusa tsinken ashana da gam, da ya bushe sukuru ya kama kamar jiya aka huda. Banish kuma shafi biyu marasa kauri, da sassafe, bayan an yayyafa wa ƙasa ruwa don ƙura. Aka sayo sabon madubi da sababbin mariƙai. Ranar jere, mata suka riƙa shafa ƙofar suna tambayar wane kanti aka samo shi.

Ba kowane tsohon kaya ba ne ya cancanci wannan wahala, kuma sanin wanda ya cancanta shi ne rabin aikin. Ka ɗaga ka ji nauyi. Ka dubi gefen da ba a yi wa fenti ba: in ka ga jijiya ta zarce daga fuska zuwa gefe, itace ne, in ka ga gari a dunƙule, allo ne, kuma in ya riga ya kumbura, kada ka ɓata kuɗin samfefa. Ka girgiza shi: in mahaɗi ne ya saki, gam zai yi magani, in ƙusa ta nutse a jikinsa ba wuya, ko ka ga ƙananan huji da gari yana zubowa, ƙwaro yana ciki, sai an yanke wurin. Kujerar kushin, ka manta da yagaggen yadi da lotsattsen soso, ka juya ta ka duba ƙashinta. In ƙashin lafiya yake, mai rufi zai mayar da ita sabuwa da launin da amarya take so. Gadon ƙarfe ya fi kowanne sauƙi: burushin waya ya cire tsatsa, mai walda ya taɓa inda ya tsage, a shafa jan fentin nan mai hana tsatsa, a bi da fentin mai. Kayan aikin duka ba su wuce guduma da zarto da filaya da sukundireba da burushi ba, kuma ana iya aro.

Wanda ya wuce gyara ma ba ya rasa wani amfani. Tsohuwar ƙofa in aka yi mata ƙafa ta zama teburin mai ɗinki ko na karatun yara. Durowar da uwarta ta lalace, a buga ta a bango ta zama kantar littattafai ko ta kayan miya. Kan gado da gefensa su haɗu su ba da bencin zaure. Guntayen da suka rage su fitar da kujera 'yar tsugunno, wadda ba gidan da ba ya nemanta.

Sai dai akwai abin da ba a wasa da shi. Tsohon kaya, musamman wanda aka sayo a hannu, ba ya shiga ɗaki sai an tabbatar ba kuɗin cizo. Na ƙarfe a kwarara masa tafasasshen ruwa a mahaɗai, kamar yadda iyaye suke yi. Na katako a warware shi, a goge lunguna, a shanya, a toshe tsaga. Feshin fiya-fiya a rufaffen ɗaki a kwana ciki ganganci ne da rai. Baƙin mai da ake shafa wa katakon rufi don gara ba na abin da mutum zai zauna ko ya kwanta a kai ba ne. Tsohon fenti kuma yana iya ɗauke da dalma. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu ta dalilin ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, bai kamata a daɗe ana yi mana bayani ba. A yi kankara a fili, a jiƙa wurin kafin a goge don kada ƙura ta tashi, a rufe hanci, ƙananan yara da mai juna biyu su yi nesa, a share a kwashe.

Waɗanda muka kwaikwayo wajen saye a yar, su yanzu hanyar dawowa suke nema. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa a 2018 kaɗai an fitar da kayan ɗaki tan miliyan 12.1 a matsayin shara a ƙasar, kusan kashi 80 cikin ɗari kuma a juji aka binne su. A Amsterdam, a 2009, wata 'yar jarida mai suna Martine Postma ta fara tara maƙwabta su zo da abin da ya lalace a gyara tare kyauta, kuma abin ya bazu ƙasashe da dama. Su sai da suka kafa ƙungiya kafin su samu wanda zai nuna musu yadda ake ɗaure ƙafar kujera. Mu kuwa mai walda da kafinta da mai rufin kujera suna bakin layinmu.

Me ya hana mu, to? Abu biyu, kuma ba kuɗi a cikinsu. Na farko, mun raba ilimi da hannu. Tsarin karatu na 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya zo da darasin koyon fasaha a ƙaramar sakandare, aka shigo da injuna daga waje, amma a makarantu da yawa suka tsufa cikin akwatunansu saboda rashin wuta da rashin malamai. Muka tashi da tunanin cewa wanda ya yi boko ba ya riƙe guduma. Sakamakon yana nan a bayan azuzuwa: karyayyun bencina a jibge, yara a ciki suna zaune a ƙasa, alhali rabin tulin ƙusa da falanki ɗaya yake nema. Ƙungiyar iyaye da malamai, da kafinta ɗaya da manyan ɗalibai, za su iya tayar da aji guda a hutun ƙarshen mako ba tare da an jira kwangila ba.

Na biyu shi ne bakin mutane, kuma ya fi na farko ƙarfi. Uwa ta san sif ɗinta ya fi na kasuwa, uba ma ya sani, amma kowa yana tsoron 'yan ganin ɗaki, da hoton da za a ɗauka a watsa a waya, da gorin dangin miji. Ba ina cewa a hana amarya sabon abu ba ne. Haƙƙinta ne ta shiga ɗaki mai kyau, kuma katifa da yadi da labule sababbi suka fi dacewa. Ba kuma ina cewa kafintoci su daina ƙira ba. Wanda ya iya gyara ma ciniki ya ƙaru masa. Abin da nake cewa shi ne, kuɗin da aka tsira da shi a kan ƙashin gado da sif, in aka mayar da shi keken ɗinki, ko firiza, ko tunkiya biyu, ko ɗan kunnen zinariya, an maido wa yarinya abin da kakarta take da shi: dukiyar da za ta iya juyawa ranar da ta shiga matsi.

Wannan gyaran kuwa ba a hannun gwamnati yake ba, ba kuma a hannun malamai masu wa'azin rage tsadar aure kaɗai ba. Yana hannun gwaggo da inna da yaya, waɗanda suke shiga ɗaki ranar jere su yanke hukunci da ido. Su ne suka mayar da “tsoho ne” abin gori, su ne kuma za su iya mayar da shi abin alfahari. Duk ranar da uwar amarya ta iya cewa da ƙarfi a gaban dangin ango, “Wannan na mahaifiyata ne, ƙannen amarya suka gyara mata,” aka amsa mata da guɗa maimakon zunɗe, to ranar wani uba a unguwar zai fasa sayar da gonarsa.